Dogon hannun da ya samo mini mata

Shekarun baya, lokacin farin nan da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, na ga wata bazawara a Tozai, maƙwabciyar kakata. Gajeriya ce mai cikar ƙugu, in ta ɗauko tulu tana tafe sai in manta abin da ya kawo ni garin. Matsalar ɗaya ce, jikina. Da ma can ni dogo ne siriri, yunwa ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Abokina ya ce mata ƙirji suke kallo da faɗin kafaɗa, ni kuwa in na juya gefe sai a neme ni a rasa. Ga shi wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar yana nemanta, ƙaƙƙarfa, wuya kamar turmi.

Abokin nan nawa shi ya kawo dabara. Ranar da za ni zance ya ara mini taguwa biyu, na sa tawa a kai, na ɗora babbar riga. Na hau keke cikin ranar nan mai dafa ƙwai. Na zauna gabanta a zaure gumi yana ɗiga har tabarma, ita kuwa ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Ko rabin abin da na shirya ban faɗa ba, na yi sallama.

Bayan kwana uku na koma wurin kakata jin amsa. Tsohuwar ba ta taɓa ganina ta ƙyale ni ba tsokana. Ta gyara zama ta ce, "To mijina, tac ce abu guda tag gani gare ka. Dogon hannu."

Shekarar ana fasa rumbuna, duk wanda aka kira mai dogon hannu, wato ɓarawo, shi da aure a garin sai dai ya ga ana yi. Na fita daga ni sai 'yar shara, na aika aka kira bazawarar, na hau rantsuwa cewa ko zangarniyar wani ban taɓa ɗauka ba.

Dariya ta yi har da dafa bango. Ta ce, "Malam, wa yac ce kai ɓarawo na? Ranar da ruwa yay yi ƙasa igiya tak kasa, ba kai na kak kwanta bakin rijiya kam miƙa hannu guga yak kai ba? Hannun nan nig gani, tun ran nan ban ƙara barci lahiya ba." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ƙara da cewa in mayar wa mai taguwa kayansa, zafi ake yi.

Kafin damina aka ɗaura mana aure.

Abin da na koya shi ne ido kowa da abin da ke kama shi, kuma abin da kake ɓoyewa sau da yawa shi wani ke nema. Yau na yi kafaɗar da abokina yake so, har da tumbi, ba ta taɓa yaba ko ɗaya ba. Amma har gobe in tana son a sauko mata da abu daga kan rumbu, sai ta ɗaga murya ta ce ina mai dogon hannu. Baƙi su zaro ido, ni kuwa in amsa da sauri, raina fes.