Ƙarfen Gaban Motar Baba

Edita, a shekarar da abin nan ya faru, ni malamar firamare ce a Kafanchan, uwar yara uku, kuma ni kaɗai ce na rage kusa da Baba bayan rasuwar Mama. Ƙannena suna Abuja da Jos, nasu taimakon a waya yake ƙarewa. Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana da wata farar mota da ya saya tun ina goye, irin wadda yanzu sai a hotunan bikin iyayenmu ake gani. Ƙafafunsa sun daina yarda ya tuƙa, amma duk Asabar sai an wanke ta. Mukan tsokane shi cewa ita ce 'yar farinsa, ni ce ta biyu.

Farkon damina, muna dawowa daga coci mijina yana tuƙa motar Baba, muka faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Tayar gaba ta hagu ta kwanta ciki. Bakanike ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce kurosmemba ce, wato ƙarfen da ya gitta a ƙarƙashin inji, wanda ƙafafun gaba suke riƙe a jikinsa. Ya lanƙwashe, ya tsage, tsatsa kuma ta riga ta ci shi. A makon ne aka aiko daga ƙauyenmu, gaba da Samaru Kataf, cewa jikin Gwaggo, yayar Baba, ya yi nauyi, tana ta tambayarsa. Ita ta yi noman citta ta sa shi makaranta, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Na ce mu ɗauki shata. Baba ya kafe cewa ba zai sauka a ƙofar yayarsa daga motar haya kamar wanda duniya ta juya wa baya ba, a motarsa zai je. Gaskiya ban matsa ba. Tafiya da tsoho mai ciwon ƙafa a hanyar ƙauye da damina ba wasa ba ce, ga jarrabawar yara, ga gajiyar da ta zame mini riga. A raina har daɗin uzurin na ji.

Mai walda na farko ya kwanta a ƙarƙashin motar ya liƙe tsagar a kan tsatsa, ya ce ko Legas za ta kai mu. Motar ba ta kai tasha ba tsagar ta sake buɗewa. Bakaniken ya tafi Kaduna neman wani ƙarfen, ya samo lafiyayye, amma bakinsa ya kasa shiru, ya faɗa a gaban Baba cewa daga motar da ta yi haɗari da mutane aka ciro shi. Baba ya ce ƙarfen da ya kai wasu lahira ba zai shiga motarsa ba. Dattijon coci ne fa, amma ko fasto bai iya juya shi ba. Sai aka koma kan tsohon ƙarfen. Aka rataye inji, aka kwance ƙafafun gaba, aka ciro ƙarfen, aka gasa shi aka miƙar, aka yanke inda ya ruɓe aka ɗora sabon farantin ƙarfe. Yau babu wuta, gobe babu gas, jibi mai walda ya tafi jana'iza. Da aka mayar, gefe ɗaya ya fi ɗaya, motar tana ja hagu, aka sake kwancewa. Ina tashi daga makaranta in zauna a benci a gareji har na san sunayen kayan mota fiye da na ɗalibaina. Duk saƙon da ya zo daga ƙauye amsata ɗaya ce, muna nan tafe, mota ake gyarawa.

Sai da aka fara haƙar citta muka kama hanya. Motar ta tafi sumul, Baba yana gaba da hularsa ta zuwa coci, yana ɗaga wa mutane hannu. Muka sami Gwaggo a kan tabarma a inuwar mangwaro. Muka zaunar da shi kusa da ita, ya kama hannunta ya kira ta da sunan gida. Ta dube shi da fara'a, ta yi masa sannu da hanya irin ta baƙo, ta tambaye shi daga ina yake. Ya ce Kafanchan. Sai ta roƙe shi, in ya koma, ya taimaka ya gaya wa ƙanenta tana jiransa. 'Yarta ta raɗa mini cewa har tsakiyar damina tana gane kowa. Baba ya ce mata zai gaya masa.

Har yau nauyin nan bai sauka daga kaina ba. Baba tsoho ne, taurin kansa na tsufa ne, amma ni da ƙarfina da hankalina na fake a bayan ƙarfe saboda na gaji. Mai karatu, in aka aiko cewa tsohonka yana kiranka, kada ka tsaya gyaran komai. Hau ko mashin ne ka je, tun yana iya gane fuskarka.