Mushe Lawali da Bobin ɗin Garka

Duk wanda ya san Mushe Lawali, wato marigayi mijin yayata Mariyama, ya san ba ya shiga gida ya zauna sai ya bi kayan wuta yana ɗora musu bayan hannu: rediyo, firigo, cajar waya. In ya ji ɗumi sai ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. A wurinsa duk abin da ya yi zafi wuta yake sata. Har gidan biki yana yin haka, mu muna sunkuyar da kai.

Da ya bar koyar da aikin lantarki, sai ya tare a garkar Yaya da ke bakin kogi a Harobanda, inda take noman salati. Ya sayo wani ɗan famfo a Zongo, mai bobin, wato naɗin waya da ke jawo ɗan ƙarfe ya buɗe ruwa in an ba shi wuta. Ya haɗa shi da pano mai ɗaukar wuta daga hasken rana da tsohon batirin mota. Amma kafin azahar batir ya mutu, bobin ya yi zafi kamar kaskon masa, salati ya kwanta. Yaya ta ce a mayar mata da bokitinta. Ya ƙi.

Ya yi kwanaki yana ƙona yatsu, sai ga shi da haɗinsa cikin gwangwanin sardin. Ya tara mu ya yi mana darasi, har da allo. Wai jawo ƙarfen ne ke son ƙarfi, riƙe shi kuwa ɗan kaɗan ya isa. Saboda haka haɗin nasa yakan sakar wa bobin wuta duka a farko, daga nan ya dinga ba shi a gutsure, kunna-kashe, da saurin da ido ba ya gani. Ya ƙara da cewa haka ma aure yake, ƙarfin duk a wajen nema ne. Yaya ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba ta ce, "Shi ya sa tun da aka kawo ni ake ba ni a gutsure."

Abin ya yi aiki kuwa, batir ya dinga kai magariba. Sai dai gwangwanin yana wani siririn kuka kamar sauro, har matan makwabta suka daina bi ta wurin, wai akwai mutanen ɓoye. Ya ƙara saurin kunna-kashen har kunnenmu ya daina ji. Mu muka huta, karnukan unguwa suka karɓa. Ya ce ai wannan shaida ce, kare ya fi mu ilimi.

Tsumulmularsa ce ta kusa ɓata komai. Kullum sai ya ƙara rage wutar riƙon, yana neman iyakarta. Ya rage har ta kai in kamyon yashi ya wuce, ƙasa ta girgiza, ƙarfen ya saki, ruwa ya tsaya. Na ce masa, cikin wasan da ke tsakaninmu, ya ɗan ƙara mata mana, ba daga aljihunsa take fita ba. Ina! Sai ya fita titi da hularsa a karkace ya tare direban, ya roƙe shi ya dinga tafiya a hankali. Direban, wani Bazabarme mai haƙuri, ya tambaya ko akwai marar lafiya ne a ciki. Mushe ya ce, "Lafiyarsa lau, riƙonsa ne ba ƙarfi." Daga baya ya ƙara wutar a ɓoye, ya ce direban ne ya gyara tuƙi.

Damina ta bana Lawali ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Ranar sadakar uku direban nan ya zo, ya ajiye kamyonsa can nesa ya tako da ƙafa, ya ce har yau ba ya iya wuce ƙofar garkar da gudu. Nan ne Yaya, da ta daure tun farko, ta fashe da kuka.

Allah Ya jiƙan Mushe Lawali, Ya yafe masa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da garkar nan. Yaya kuma Allah Ya ba ta haƙurin rashinsa. Amin.