Gwangwanin da Araba Ta Zauna a Kai

Duk Sekondi babu wanda bai san ƙafafun Ato Bentsil ba. Fuskarsa kuwa sai ka yi sa'a, don kafin ka ɗaga kai ya wuce, sai dai ka ji ƙararrawar kekensa da zagin wanda ya kusa bankewa. Ni lemo nake sayarwa a ƙofar Silimar Gangare a shekarun nan na saba'in, kuma ba sau ɗaya ya watsa mini tire ba. Na zage shi har kakarsa, washegari ya dawo yana washe baki ya sayi lemon da ya taka. To ya za ka yi da irin wannan mutum?

Aikinsa ɗaya ne. Silima biyu gare mu, ta Tudu da ta Gangare, amma fim ɗaya ake aiko mana daga Akra. Fim kuwa faifai-faifai yake zuwa, kowanne a naɗe cikin gwangwaninsa mai faɗin faranti. Tudu ke riga farawa. Da faifan farko ya ƙare sai Ato ya ɗaure shi a bayan keke, ya zubo gangare a guje, ya miƙa, ya sake hawa ɗauko na biyu, haka har fim ya ƙare. In faifai ya makara allo fari yake yi, masunta kuma su fara ɗaga benci. Ril ake ce wa faifan, iyakar Turancin Ato ke nan, kuma yana ji da shi. Ran da tela ya ce masa ai ɗan katakon naɗe zare ma ril ne, sai da ya daina gaishe shi.

Bai taɓa kallon fim daga farko zuwa ƙarshe ba, amma wannan bai hana shi ba da labari ba. Ya ga guntu a Tudu, ya ga guntu a Gangare, inda ya ɓace ya cike da ƙarya. Wadda ta fi kowa shan ƙaryar nan ita ce Araba Sekyiwa, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi a kwanar da tudu ya ƙare. Mijinta teku ta tafi da shi tun da daɗewa. Duk wucewa sai Ato ya rage gudu ya jefa mata magana.

"Sun sace yarinyar!" Ya wuce.

Da ya dawo: "Ashe gurgun nan ubanta ne!"

"Kai Ato, ɗazu ka ce uban ya mutu!"

"Ya farfaɗo!"

Haka suka yi soyayyarsu, shi a kan keke, ita da matsamin kifi a hannu, har gari ya gaji da sa musu ido.

Matsalar ita ce kawunta, Egya Kobina Eshun (Egya shi ne baba a yarenmu), manajan Silimar Gangare, wanda ya zama babban danginsu bayan rasuwar ubanta. Mutum ne mai tumbi, da taye a wuya komai zafi. A wajenmu mai neman aure kwalbar giya yake kaiwa. In babban gida ya karɓa ya zuba wa kakanni a ƙasa, magana ta zauna ke nan, ba mai tayar da ita. Ato ya je da dattawansa da kwalbarsa. Egya Kobina ya dubi kwalba, ya dubi Ato, ya ce, "Me gare ka ban da ƙwauri? Keken ma na silima ne."

Ƙarya yake yi, ba ƙwauri ba ne damuwarsa. Tun da matarsa ta kwashe kayanta Araba ke yi masa girki, tukunyar ce ba ya son rasawa.

Ato ya naɗe kwalbar a tsumma ya sa a kwandon keke. Ta zaga gari da shi har takardar jikinta ta koɗe. Mu kuma mun samu abin tsokana: "Ato, yaushe za a yaye jaririyar nan?" Sai ya yi dariya, amma na san abin yana cinsa, ni ma yana ba ni tausayi. Furfura ta fara leƙo masa, Araba ma ba yarinya ba ce. Sai ga Egya Kobina ya yanke cewa da an gama Ista za ta kwashe kaskonta daga kwana ta zauna a gidansa gaba ɗaya. In ta bar kwanar nan, shi ke nan, Ato ko inuwarta ba zai ƙara gani ba.

Ranar Litinin ɗin Ista aka sa fim ɗin Indiya da rana. Ba mai fita teku, masunta duk sun cika Gangare, har a kan taga. Ana cikin kallo, mugun ya ɗaure uwar jarumi a kan layin dogo, ga jirgi ya taho yana hayaƙi, sai allo ya yi fari fat. Saura faifan ƙarshe, babu Ato.

Ihu ya tashi. Benci ya fara kuka. Egya Kobina ya fito yana zufa, sai wata mai gyaɗa ta ce ai ga Ato can a kwana yana cin abinci. Kai! Manaja ya sheƙa a guje, tumbi na gaba yana biye, masunta suka ɗunguma bayansa. Ni ma na bar tire na bi, da wuƙar ɓare lemo a hannu, don irin wannan ba a ba ni labari.

Muka tarar da Ato a zaune yana dangwala dokunu a barkono hankali kwance. Araba kuwa ta ɗora gwangwanin fim a kan turmi ta haye ta zauna, dab da murhu.

"Ke Araba, tashi!" in ji Egya Kobina. "Zafi zai lalata kayan mutane!"

"Wofa," ta ce, don haka muke kiran kawu, "ƙafafuna sun riƙe. Ciwon zaman gwauranci ne, ya daɗe yana damuna."

"Zan ci mutuncinki! Kai kuma na kore ka!"

"To, Egya," in ji Ato yana tsotsar ƙaya. "Amma korarre ba ya kai faifai."

Ya tashi ya kwance tsumma, ya ajiye kwalbar a gaban manaja. Nan masunta suka gane inda aka dosa. Paa Ekow, babban mai kwalekwale, ya matso yana huci.

"Kobina, tsohuwar nan tana kan layin dogo, jirgi na zuwa, kai kana nan kana mana iyayi? Karɓi kwalba!"

"Wannan maganar dangi ce!"

"Mu ne dangin yau. Zuba!"

Egya Kobina ya waiga hagu, ya waiga dama, ko'ina damatsan masu jan taru. Ya sassauta taye. Ya buɗe kwalba, ya kira kakanninsu ɗaya bayan ɗaya, da muryar wanda aka taka wa ƙafa, ya zuba a ƙasa. Ƙasa ta shanye. Muka rangaɗa guɗa, ciwon Araba ya warke nan take, ta miƙe tsaye.

Egya Kobina ya fizgi gwangwani, sai ya ji abu na motsi a ciki. Ya buɗe. Soyayyen kifi ne, jere gwanin sha'awa.

"Ina fim ɗina?"

"Yana ƙarƙashin kujerar ofishinka, Egya," in ji Ato. "Na shigo ta baya kana gyara taye a madubi. Wannan tsohon gwangwani ne. Ni ban taɓa makarar da faifai ba, ba kuma ranar aurena zan fara ba."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Masunta suka juya a guje, aka bar manaja yana haki, ga mabuɗin ofis a aljihunsa, ga ƙafa ta ƙi. In bai isa da wuri ba ƙofar za su ɓalle. Ato ya jawo keke ya tsaya a gabansa, ya share wajen ɗaure gwangwani da tsumman kwalbar.

Egya Kobina ya yi tsaki, ya haye, taya ta lotsa. Ya rungume ƙugun Ato da hannu biyu, ya ce da ƙarfi, "Ka tuƙa a hankali, ɗan banza. In ka kayar da ni, kawun matarka ka kayar."

Araba ta ji. Matar da ko ran da aka tsinci kwalekwalen mijinta ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai ga ta ta rufe fuska da zane tana shessheƙa.

"Esi," ta ce mini, "kin ji? Matarka ya ce."

Na ce na ji. Kifi yana ƙonewa a kasko, ni na kwashe mata.