Malam Haladu Magini da Ɗakin Inna Batulu

Idan aka idar da sallar asuba a Dingaya ta ƙasar Gwaram, ba gida Malam Haladu magini yake komawa ba. Sai ya bi ta bayan gari zuwa ramin da ake haƙar ƙasar gini, ya tsuguna da ƙyar, ya damƙi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya shinshina, sannan ya miƙe. Ko yana da aiki ranar ko ba shi da shi, sai ya je. A hanyar dawowa kuma duk katangar da ya gitta sai ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ya ɗan kasa kunne, ya wuce. Yara sun daina dariya, manya sun daina tambaya. Matarsa Turai ce kaɗai ba ta daina mita ba, don ta ce shekara arba'in ke nan ba ta taɓa ganin ya sha koko da zafinsa ba.

Ginin ƙasa ya gada, kuma a kansa ya tsufa. Wanda ya taɓa ba shi aiki ya san halinsa: Haladu ba ya sauri, kuma ba a sa shi. Kwaɓinsa sai ya kwana uku ana tattaka shi ana zuba masa yankakkiyar ciyawa. Idan ya fara jera tubali, layi uku yake yi a rana ya sauko, wai sai na ƙasa ya sha iska kafin a ɗora masa kaya. Ka yi fushi, ka yi lallashi, ka ce bikin ɗanka saura mako biyu, zai saurare ka har ka gama, sannan ya wanke hannu ya tafi gida. Mutanen garin Sara har yau suna ba da labarin wani mai hali da ya nuna masa fili a kwari ya ce ya yi masa gida. Haladu ya zagaya filin sau ɗaya ya ce nan hanyar ruwa ce, ruwan ya yi shekaru bai bi ba amma bai manta ba, shi kam ba zai sa hannu ba. Aka ɗauko wasu suka gina. A shekarar da aka yi ambaliya, kwale-kwale aka sa aka kwaso iyalin.

Bayan wannan ambaliya ne zancen gidaje ya cika wani zauren hira da 'yan asalin Gwaram suka buɗe a waya. Akwai na Kano a ciki, akwai na Abuja, akwai ma wanda yake turo saƙo daga ƙasar da ake sanyi. Mutanen kirki ne, masu son garinsu, sai dai Allah ya hore musu baki. Kullum zancen sauyin yanayi. Wannan ya ce dashen itatuwa ne mafita, wancan ya ce a raba wa mata murhun da ba ya cin itace, wani ya ce a koma wutar sola, wani kuma ya turo hoton gidajen wata ƙasa ya ce ga yadda masu hankali suke yi. Abu ɗaya ne suka haɗu a kai ba musu: ginin ƙasa ya gama zamaninsa. Malam Haladu ba ya cikin zauren. Wayarsa ƙarama ce mai madanni, kuma rabin lokaci tana hannun Turai.

Wanda ya fi kowa zafi a zauren shi ne Injiniya Zulkifli, ɗan Dingaya da ke aiki a Kano. Yaro ne mai kai, wannan ba wanda zai ƙwace masa. Ya zana wata na'ura mai aiki da kanta, irin wadda ake ce wa mutum-mutumi, wadda za ta riƙa jera bulo, ta tsayar da ɗaki a yini guda. Jari yake nema, ya roƙi 'yan zauren su shigo a haɗa hannu. Don ya nuna ba baki kawai yake da shi ba, ya tuna musu abin da ya yi wa mahaifiyarsa, Inna Batulu, shekara biyu da suka wuce: ya sa an yaɓe tsohon soronta na ƙasa da siminti ciki da waje, aka shafa masa shuɗin fenti. Ya sake turo hoton. Aka yi ta sa masa albarka, kuma ya cancanta, don da zuciya ɗaya ya yi.

Ƙanwarsa Munawwara, malamar makaranta a Birnin Kudu, ita ce ta fara jin wani abu. Ta zo gida farkon damina ta kwana biyu a ɗakin, ta ji yana warin danshi, ta ga fenti yana kumbura ta ƙasan bango. Da safe ta tare Malam Haladu a hanya ta roƙe shi ya leƙa. Ya shiga da sallama, ya gaisa da Inna Batulu, sannan ya kai bayan yatsa jikin bangon gabas. Amon da ya ji irin na ƙwarya ne da aka kife. Ya matsa gaba ya sake, haka. Ya ɗaga kai ya dubi azarar da ke riƙe da rufin, rufin ƙasa mai nauyin da ya sani sarai, don da hannunsa ya taya mahaifinsa ɗora shi tun yana saurayi.

Ya san abin da ya faru. Bangon ƙasa yakan sha ruwa da damina, rana ta fito ya fitar. Siminti ya hana shi. Ruwa ya sami tsaga ta wajen indararo yana shiga, ba shi da hanyar fita, damina biyu yana jiƙa ƙasar daga ciki. Waje sumul, ciki ya mutu. Ya kuma san abin da za a ce idan ya buɗe baki. Ba a neme shi ba lokacin da aka yi yaɓen, kuma gari ya san masu bulo sun janye masa aiki. Za a ce tsoho ya ga abin zamani ya yi baƙin ciki. Haladu mutum ne da ba ya son a ambaci sunansa a rigima, har ya sa ƙafa ɗaya a waje. Sai ya waiwaya ya ga inda gadon tsohuwar yake, manne da bangon nan.

Ya dawo ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya. Inna Batulu ta ji shi tsaf. Matar marigayi amininsa ce, ba ta taɓa ƙaryata shi ba, kuma ranar ma ba ta ƙaryata shi ba. Abin da ta ce kawai shi ne:

"Haladu, yaron nan gari guda ya zo ya ga abin da ya yi mini. In na kwashe kayana na fita, me na ce da shi ke nan?"

"Yaya Batulu, in kika zauna kuma, me za mu ce da shi?"

Ta gyara zama a bakin gadon, ta ce Allah na nan, ya gaida Turai.

A nan ne Munawwara ta zaro waya. Ta ce bari ta ɗauki bidiyo yana ƙwanƙwasa bangon ta tura zaure, kowa ya ji da kunnensa, ta ga yadda yayanta zai musa. Haladu ya hana. Ya ce mutumin da ya yi wa uwarsa alheri ba a tsinka shi a gaban jama'a, ta kira shi ita da shi. Ta kira. Zulkifli ya ji haushi, kamar yadda kowa zai ji. Ya ce ƙwararru ya ɗauko daga Birnin Kudu, ba zai yiwu a ce ƙwanƙwasa da yatsa ta fi aikinsu ba, amma zai zo ranar Asabar. Ranar Talata ce, kuma hadari yana haɗuwa kusan kowace la'asar.

Kwana huɗu ya yi wa Haladu yawa. Ya koma gida ya zauna ya kasa cin tuwo, har Turai ta matsa ya faɗa mata. Ita ce ta samo dabara. Kafin la'asar ta yafa gyale ta tafi gidan Inna Batulu, ta ce ta ɗora kalwa za ta yi daddawa, hannunta kuma ya lalace, duk wadda ta yi bana ɗaci take yi, ba wanda zai gyara mata sai Yaya Batulu, kuma aikin na kwanaki ne, gara ta taho da kayan kwananta. Duk Dingaya an san daddawar Turai ba ta da na biyu. Inna Batulu ma ta sani. Ta dube ta, ta dubi bangon, ta ce to ai ba a ƙi taimakon ɗan'uwa ba, a miƙo mata carbinta. Haka aka fito da ita ba wanda ya ji kunya.

Ranar Asabar Zulkifli ya iso da hantsi, fuska ba walwala. Ya gaida Baba Haladu a taƙaice. Haladu bai yi dogon bayani ba. Ya sa an tokare azarar da itace biyu, ya fitar da kowa daga tsakar gidan sai shi da Zulkifli da Munawwara, sannan ya miƙa masa guduma.

"Injiniya, kai ka rufe, kai za ka buɗe. In ka tarar da busasshiyar ƙasa, ni zan gyara inda ka fasa, kuma in je har zauren naku in ba da haƙuri."

Zulkifli ya buga sau ɗaya daga waje. Ɓawon siminti ya zube, faɗin faifai. Ya tura hannu don ya taɓa bangon, hannun ya shige har gwiwa, ya fito da ƙasa sharkaf tana ɗiga. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Sannan ya leƙa ta taga ya ga gadon mahaifiyarsa a ɗaya gefen ramin. Ya zauna a kan turmi. Munawwara ta ce ba ta taɓa ganin yayanta yana kuka ba sai ranar. Haladu ya ɗebo ruwa a buta ya zuba masa ya wanke hannu, ya ce ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa faɗa masa, kuma da yawa sun yi haka.

Da yawa kuwa sun yi. Zulkifli da kansa ya ɗauki hoton ramin ya tura zaure, ya rubuta cewa ga shuɗin ɗakin da kuka sa mini albarka a kansa, Baba Haladu ne ya gano ɓarnar. Daga nan saƙonni suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa a sanyaye: ni ma na yi wa Baba, ni ma na yi wa Inna, don Allah a ba mu lambar tsohon nan. Wayar nan da ke hannun Turai ba ta huta ba a daminar nan. A bayan babur aka riƙa ɗaukar Haladu daga Dingaya zuwa Sara zuwa cikin Gwaram yana ƙwanƙwasa bangon iyayen mutane. Wasu ya ce lafiya lau, a gyara indararo kawai. Wasu ya ce a fito yau.

An sauke soron Inna Batulu a makon, ita kuma ta ƙarasa daminar a wajen Turai, suna faɗa a kan gishiri. Da rani ya kama, Haladu ya gina mata sabo. Ya ɗaga tushen da dutse, ya fito da bakin rufi yadda ruwa ba zai tsiyaya a jikin bango ba. Zulkifli ya ɗauki hutu ya zo yana kallo, har ya kasa haƙuri da layi ukun nan ya ce na'urarsa da yini guda za ta gama. Haladu ya ce jera tubali ba shi ne wahala ba, shi ko zaune zai iya. Ya nuna masa ramin kwaɓi, ya ɗage wando ya nuna masa gwiwoyinsa a kumbure. Tattaka ƙasa ne ya cinye su, kuma shi ne ya kori samari daga sana'ar. In mutum-mutumin nan yana da ƙafa, a kawo shi nan. Zulkifli ya koma Kano ya sake zane. Har yanzu jarin bai haɗu ba, kuma ba wanda ya san ko zai haɗu, amma yanzu abin da yake nema wa kuɗi na'urar kwaɓa ƙasa ce.

Ɗakin nan shi ne ginin Haladu na ƙarshe. Gwiwoyin sun ce ya isa, bana bai hau bango ba.

Malam Haladu na Turai, kai ne ka tsufa da ƙasa a farce ba ka taɓa jin kunyarta ba. Kai ne aka tsallake aka ɗauko wasu, da abin ya lalace ba ka ce ai ga shi nan ba. Ka san za a iya kiranka mai baƙin ciki, ka haɗiye, ka durƙusa ka faɗi gaskiya. Ka tsare ran uwa, ka kuma tsare mutuncin ɗa, ba ka sayar da ɗaya don ɗaya ba. Muna ƙaunarka, kuma mun ji kunya da muka daɗe ba mu faɗa ba. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ƙafa, ya saka wa Turai, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma 'yan zaure, ba a ce ku daina muhawara ba, ana jin daɗinku. A dasa itatuwan, a kawo solar, a taimaki Zulkifli. Amma tsohon nan yana zaune a ƙofar gidansa kullum bayan la'asar, abin da ke kansa ba a rubuce yake ba, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce a koya masa. Ku tura 'ya'yanku, ku ma ku je. Da a ce safiyar Talatar nan ya ƙarasa fita daga ɗakin bai waiwaya ba, da ba jinjina ake karantawa yau ba, da gaisuwar mutuwar Inna Batulu aka je.