Malam Isiyaku da Hanyar Kalaba

Ina tashar Ɗanbatta ranar kasuwa, ina jiran mota ta cika, sai ƙanin Malam Isiyaku ya kira ni ya ce Allah ya yi masa rasuwa bayan azahar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauko daga motar, na zauna a kan wani buhu da ban san mai shi ba. Mun daɗe muna koyarwa tare a sakandaren ƙauyen nan, shi tarihi, ni lissafi, kuma ban taɓa yin aboki mai naci irinsa ba.

A Kalaba ya yi bautar ƙasa, ya dawo da garin a bakinsa, har muka laƙaba masa Sarkin Kalaba. Kullum labarin gidan katakon Turawan mulki da ke kan tudu, wanda aka kawo gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa aka harhaɗa, da tsohuwar tashar da aka riƙa lodin bayi, daga baya manja. Wata rana ya ajiye alli ya ce mini, "Malam Sani, yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufi ba, yaya zan fahimtar da shi an saka mutum a jirgi an tafi da shi? Sai ya gani da idonsa."

Ya tara iyaye a makaranta kan zancen kai yara Kalaba, kowa ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ranar tafiya mota ta zo, babu yaro ko ɗaya. Mun sha dariya. Shi kuwa cewa ya yi, "Manomi ba ya ba da ɗansa a taro. Sai ya ga guminka." Da lokacin cirar gyaɗa ya zo, ya ɗauki fartanya ya bi gonakin iyayen ɗaya bayan ɗaya. Sai ya kama kunya kusa da maigidan ya yi ta aiki, ba zai ta da zancen tafiya ba har sai shi maigidan ya tayar. Tun daga wannan shekarar, duk hutun ƙarshen shekara 'yan ajin ƙarshe sai sun ga Kalaba.

Na raka su sau ɗaya. A wurin Hausawan unguwar Bogobiri muka sauka. Da muka shiga ɗakin da aka ajiye sarƙoƙin bayi, wasu yara suka gyara tsayuwa za su ɗauki hoto suna murmushi. Malam Isiyaku bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ku mayar da wayoyinku aljihu. Nan gaisuwar mutuwa muka zo." Suka mayar da su aljihu, muka gangara bakin kogi.

Ranar sadakar uku, Baba Tanimu, wanda 'yarsa Rakiya ke cikin masu tafiyar bana, ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, shi na ba amanar yarinyar nan, ba makaranta ba. Tunda ya tafi, maganar ta tafi." Sauran iyayen ma haka suke nufi, shi ne dai ya furta. Ban ji haushinsa ba, amma raina ya ƙi yarda a binne tafiyar nan tare da mai ita.

Ni a cikin birni na tashi, a unguwar Rijiyar Zaki, hannuna bai san fartanya ba. Jiya da sassafe na sami Baba Tanimu a gonarsa. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya nuna mini kunya da haɓa. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, rabin gyaɗar kuma na bar ta a ƙasa. Ya bi bayana yana tonowa, ya ce, "Marigayi ma da ɓarna ya fara. Gobe ka zo da wuri." Bai ce ya amince ba, kuma gonakin da suka rage suna da yawa. Zan bi su duka.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa Malama Zainabu da 'ya'yanta haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah ya ba ni ƙarfin baya, domin gobe bayan asuba ina gonar Baba Tanimu. Amin.