Kaset ɗin Nijar

Zunnuraini Abdulrazak ya fara ɗaukar bidiyon biki a Jibiya tun zamanin da ake saɓa kyamara a kafaɗa. Da wayoyi suka cika gari, kowa ya zama mai ɗaukar hoton kansa, sai ya koma shagonsa na bakin titin Maraɗi ya kama wata sana'a: mayar da tsofaffin kasakasai cikin fulash ko waya. Mutanen ƙauyukan da tashin hankali ya koro su ne suka fi zuwa. Wata takan zo da kaset ɗaure cikin zane, ta ce muryar mijinta na ciki.

Duk aikin ya dogara ne ga kati ɗaya da ke cikin tsohuwar kwamfutarsa, wanda ke karɓar hoto daga na'urar kaset. Katin bai shiga sababbin kwamfutoci, don ba su da gurbinsa, kuma manhajarsa ba ta tashi sai a kan tsohuwar Windo. Shi ya sa Zunnuraini ke lallaɓa kwamfutar, yana lulluɓe ta da mayafin matarsa Rahama idan zai rufe shago. Rahama ɗiyar Malam Manu ce, mai awon hatsi, wanda rumfarsa ke tsallaken titi, daura da shagon.

Bayan an sake buɗe boda, wani dogon mutum ya sauka daga babur da hantsi, ya ce sunansa Zubair, daga wani ƙauye bayan Maraɗi. Ya ajiye kaset a kan tebur.

"Ba duka nike so ba," in ji shi. "Huskar mutum guda za ka fiddo mani."

Zunnuraini ya saka kaset. Hoton ya fito baƙi da fari, yana rawa, can sai allon ya koma shuɗi. Ya bayyana masa cewa tsofaffin kasakasan Nijar da tsarin Faransa aka ɗauke su, katinsa kuwa tsarin Najeriya kaɗai ya sani, don haka ba zai ba da launi ba. Ga shi kuma kaset ɗin ya tsufa, da hoto ya girgiza sai katin ya sake shi.

Sauti dai ya fito sarai. Taron suna ne, ana ta gaisawa. Wani ya ƙwala kira, "Lado! Kawo tabarma!" Wata murya ta amsa da in'ina, tana sarƙewa a harafin farko, ta ƙare da ɗan tari.

Hannun Zunnuraini ya tsaya a kan tebur. Ya san wannan in'inar. Ita ce ta amsa wa waliyyinsa ranar da aka ba shi Rahama.

"Shi ne wannan," in ji Zubair da hoton ya dawo, ya ɗora yatsa a kan wata inuwa da ke bayan taron. "Tsaida shi."

Allon ya sake yin shuɗi. Zubair ya sa aka haɗa na'urar da talabijin, ya ɗauka da wayarsa, amma layuka kawai suka fito.

"Ɗan'uwanka ne?" Zunnuraini ya tambaya.

"Ran sunana ne wannan. Ubana bai ga arba'in ɗina ba. A gona aka tsince shi, kuma tun ranar ba a sake ganin Lado ba. An ce nan wajen ya ƙetaro." Ya faɗi haka ba tare da ya ɗaga murya ba, ya ɗauki kaset ɗinsa ya fita.

Da sati ya zagayo ya dawo da sabon kati a kwali, irin wanda ake soka wa kwamfuta ta waje, ya ce a Maraɗi aka tabbatar masa yana karanta tsarin Faransa. Zunnuraini ya soka. Kwamfutar ta yi ƙara, ta ce ba ta san abin da aka sa mata ba. Ya sake gwadawa a gabansa, yana addu'a a zuci kada ta karɓa. Ba ta karɓa ba.

"Sabon kati sabuwar kwamfuta yake so," ya ce.

Zubair ya daɗe yana kallonsa. "Kwamfutar ce ba ta so, ko kai?"

"Ga ta nan, gwada da hannunka."

"To. Zan kawo wadda ke so."

Tsakanin Zunnuraini da surukinsa gaisuwa ce kawai, daga durƙuso, ido a ƙasa. Bai taɓa zama a rumfarsa ba. Ranar, bayan la'asar, ya tsallaka titi ya tsuguna gefen buhunan gero.

"Baba, wani baƙo na zuwa wurina da kaset na suna, daga Nijar. Wani yake nema, wai Lado."

Malam Manu yana cika tiya. Ya share bakinta da tafin hannu, ya juye cikin buhun mai saye, ya jira har mutumin ya tafi.

"Y-yaron ya girma?"

"Ya girma, Baba."

"Da wa ya yi kama?"

Zunnuraini ya ce bai sani ba. Tsohon ya gyaɗa kai, ya yi ɗan tarinsa, ya ci gaba da awo.

Zubair ya dawo ranar kasuwa da kwamfutar hannu da na'urar kaset ta can ƙasarsu, tare da wani mutum da ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba. Zunnuraini ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya, amma ya san ƙin aikin zai fi yin sa tona asiri. Ya haɗa wayoyin. Hoto ya fito da launi, ya tsaya cak: saurayi siriri da jar hula, ba gemu, yana riƙe da tabarma. A tsallaken titi Malam Manu na zaune da farin gemunsa, yana awo.

Zubair ya tura hoton cikin wayarsa. "Ka san shi?"

"Hoton ya fi shekara talatin," in ji Zunnuraini. "Ko ni ba haka nake ba a lokacin."

Suka kwashe kayansu suka hau babur, suka yi wajen boda.

Malam Manu bai gudu ba. Ya dai tura iyalinsa Bugaje, ya ce aikin gona ya taso, alhali ko ruwan farko bai sauka ba. Da Rahama ta tambayi mijinta dalili, ya ce bai sani ba, ita kuma ta daina yi masa hira idan ya dawo. Abu ɗaya tsohon ya ce wa Zunnuraini, wata safiya da ya je gaisuwa: "In ya s-sake zuwa, kada ka yi mashi ƙarya. Nuna mashi rumfata."

Zubair bai sake zuwa ba. Amma kafin watan ya ƙare, wani direban babbar mota mai jigilar wake ya shigo shagon a sa masa caji, ya nuna wa Zunnuraini wayarsa. Saurayin nan ne mai jar hula. Direban ya ce hoton na yawo a tsakanin direbobi da 'yan acaɓa, kuma an ƙara bayani a ƙasansa, wai mutumin yana da in'ina.