Kitson Ƙarshe na Hester Garland

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma kowa zai koma. Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, Allah ya karɓi ran Hester Garland, makitsiyar garin East Molesey da ke Ingila, a gidanta, bayan jinyar ciwon daji ta kusan shekara guda. Ta rasu tana da shekara sittin da takwas. Ta bar mijinta Clive da 'yarta tilo Imogen. Ta kuma bar ni, Dot Fenn, wadda muka buɗe shagon gyaran gashi tare tun muna 'yan mata, muka tsufa a gaban madubi ɗaya.

Hester, mijinki ne ya bugo mini waya ina cikin buɗe shago. Bai iya cewa komai ba sai sunana, ni kuma ban tambaye shi ba. Na mayar da ƙofa na rufe, na zauna a kujerarki, abin da ba ki taɓa bari na yi ba kina da rai. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma yau ba kuka na zo yi ba. Na zo in faɗa wa mutane wace ce ke, domin na fi kowa sani, kuma duk abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Mutane da yawa sun ɗauka aikinki shi ne yi wa 'yan wasan kwaikwayo ado irin na da. Wannan magana tana ɓata miki rai, ni ma tana ɓata mini. Ba ki taɓa ɗora wa mace tarihi a ka don ta zama abin kallo ba. Abin da kika yi shi ne, kika dubi yadda matan fadar sarakunan Ingila na da suke gyara kansu, kika tsamo dabarar, kika zubar da nauyin, kika ba matan yau. Tun muna koyon aiki kike jana zuwa fadar Hampton Court da ke ƙetaren kogi. Jama'a na kallon fuskokin da ke jikin zane, ke kina kallon goshi da gefen kunne, kina mita. Kullum ƙorafinki ɗaya ne, wai masu zanen da ba su san mace tana da ƙeya ba, alhali a ƙeya aikin yake.

Neman ƙeya ne ya kai ki tsofaffin coci-coci, inda ake sassaƙa siffar matan manya da dutse a kan kaburburansu. Wata Litinin a wani ƙauye, limamin coci ya shigo ya tarar da ke kwance a ƙasa, kin cusa kai tsakanin kabari da bango, ƙafafu a waje. Bawan Allah ya ɗauka faɗuwa kika yi. Ya durƙusa yana cewa, "Baiwar Allah, lafiya? In kira motar asibiti?" Kika amsa daga can ciki, "Malam, ka riƙe mini fitilar nan dai. Matar nan shekara ɗari huɗu tana ɓoye mini yadda ta naɗe kanta." Ya riƙe miki kuwa, har ya haɗa mana shayi daga baya.

Daga irin wannan naci kika dawo mana da ɗinkin gashi. Ba tsinke, ba feshi mai sa kai ya bushe. Basilla ce ta ƙashi marar tsini da zaren siliki mai faɗi. Ki kitse gashin gida biyu, ki zagaya da shi kan mace, sannan ki bi shi da zare kina ɗinke shi da gashin da ke kwance a fatar kai. Da farko na yi miki dariya, na ce mun buɗe shagon kitso ko na tela? Kika ce in jira. Kafin shekara ta zagayo, amare suna zuwa daga London, lauyoyi mata suna zuwa, har da 'yan mata masu shuɗin gashi da 'yan kunne a hanci, waɗanda kike ɗinka musu da baƙar igiyar fata maimakon siliki. Kowa da irin nata. Ba ki taɓa sallamar mace ba sai kin sa ta girgiza kai da ƙarfi a gaban madubi. Kikan ce, "Kitson da ba za ki iya bin bas da gudu da shi ba, na gidan tarihi ne, ba nawa ba."

Alherinki ba a shago ya tsaya ba. Ranar Litinin da muke hutu, kikan ɗauki jakarki ki tafi gidan tsofaffi, ki bi su ɗaki ɗaki, ba wanda ya aike ki. Ina tuna Misis Pargeter, wadda rashin lafiya ya sa gashinta ya yi ta zuba har ta daina fita ko cefane. Kika ba ta 'yar kwalba, kika ce duk gashin da ya maƙale a mataji ta tara a ciki, haka matan da suke yi. Da ya taru kika dunƙule shi ya zama ɗan gammo, kika ɓoye shi a ƙarƙashin ɗan abin da ya rage mata, kanta ya tashi ya cika. Ta dubi madubi ta ce, "Wannan duk nawa ne?" Kika ce, "To na wa? Nawa ai ban gama da shi ba." Ran Lahadin nan ta je coci, ta zauna a sahun gaba.

Duk da haka, akwai kai ɗaya a garin nan da hannunki bai isa gare shi ba, kuma shi ne wanda kika fi so. Imogen tana ƙarama a kanta kike gwada duk abin da kika gano. Yarinya ta tafi makaranta da kitson matan fada, yara suka sa mata suna Gawar Sarauniya. Tana da shekara sha biyar ta shiga shagon wani mai aski ta sa aka kwashe gashin kaf, ta dawo gida ta tsaya a gabanki ta ce, "Mama, kaina nawa ne." Daga ranar ba ta ƙara bari gashinta ya rufe kunne ba, ba ta kuma ƙara bari ki taɓa shi ba. Ta girma, ta zama mai horar da 'yan tseren kwalekwale a kogin Thames, mace mai ƙarfi da kirki. Ba gaba kuke yi ba. Kuna cin abincin Lahadi tare, kuna dariya. Sai dai duk lokacin da ta juya baya, ina ganin idonki yana bin ƙeyarta, yatsunki suna motsi a kan cinya. Sau ɗaya tak kika faɗa mini da baki. Kika ce, "Dot, kan matan garin nan duk na riƙe. Ina so in riƙe na 'yata sau ɗaya kafin in mutu, da yardarta." Ba ki taɓa roƙonta ba, domin kin ce abin da aka roƙa ba yarda ba ne.

Da likitoci suka faɗi abin da ke damunki bara, ni kika zaɓa in yanke miki dogon gashinki mai furfura kafin magani ya zubar da shi. Kika kitse shi da kanki, kika ce in datse daga tushe, in adana. Ina yanka, ke kina yi mini tsiya wai na karkatar da layi. Ba a daɗe ba na lura da wani abu. Imogen ta fara yawo da hular ulu, har cikin zafin Yuli. Na tare ta a bakin shago na ce, "Ke, sanyi kike ji ko ɓoyon wani kike?" Ta ɗaga hular kaɗan, na ga gashi ya fara sauka a wuya. Ta ce, "Anti Dot, in kika faɗa mata sai na jefa ki a kogi." Na ce, "Uwarki daga ƙetaren titi take gane wadda ta sauya man gashi, ke ce za ki ɓoye mata?" Ke kuwa Hester kin gane tun makon farko, amma kika yi kamar ba ki gani ba, ita ma ta yi kamar ba ta san kin gani ba. Taurin kai dai gado ne a gidanku.

Daga nan abin ya zama tsere tsakanin gashi da ciwo. Gashi ba ya sauri don ana jiransa, ciwon kuwa bai jira kowa ba. Ɗinki irin naki yana son gashin da ya wuce kafaɗa, na Imogen ko haɓa bai gama wucewa ba lokacin da aka dawo da ke gida aka ce magani ya ƙare. Na shiga damuwa ƙwarai. Ke ko a jikinki.

Ran Juma'ar da ta gabaci rasuwarki, da hantsi, ina zaune a gefen gadonki, Imogen ta shigo. Ta cire hula ta ajiye, ta zauna a ƙasa, ta jingina bayanta da gadon. Ta ce, "Mama, ga shi. Na san bai kai ba. Ki yi abin da za ki iya da shi." Kika ɗora tafin hannunki a kanta, kika bar shi a nan. Sannan kika ce, "Wa ya ce miki bai kai ba? Kina tsammanin matan fada duk da nasu gashin suke taƙama? Dot, je ki ɗauko mini nawa."

Na kawo kitson furfurarki da basilla da zare. Muka tallafe ki da matasai. Ni na riƙe, ke kika yi ɗinkin, ba ki yarda na soka ko sau ɗaya ba. Kika saƙa farin gashinki cikin baƙin nata, kika zagaya da shi kanta, kina hutawa kina ci gaba. Aikin da kike gamawa kafin shayi ya huce, ya ɗauke ki har rana ta karkata. Da kika ɗaure zaren ƙarshe, Imogen ta miƙe ta dubi madubi, hawaye suna zuba, tana dariya. Ta ce, "Mama, bai yi nauyi ba." Kika ce, "Da can ma ni ce ban iya ba. A kanki na koya, ki yafe mini." Ta durƙusa ta sa kanta a ƙirjinki, Clive ya fita tsakar gida don kada mu ga fuskarsa.

Jana'izarki sai Juma'ar ƙarshen wata, kuma Imogen ta ce da wannan kitson za ta ɗauki akwatin gawarki tare da 'yan kwalekwalenta. Ta daina shiga kogi, tana kwana da ɗankwalin siliki. Kowace safiya takan biyo ta shago ta zauna, in zagaya in duba, ba na taɓa zare ko ɗaya. Jiya ta kama hannuna ta ce, "Anti Dot, ki faɗa mini gaskiya. Zai kai?" Na ce mata zai kai. Ba lallashinta na yi ba. Na san hannun da ya ɗinka shi.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Hester ta zo gare ka. Ka ji ƙanta, ka gafarta mata kurakuranta, ka karɓi alherin da ta yi wa tsofaffi da marasa lafiya da duk macen da ta shigo shagonmu kai a sunkuye ta fita kai a ɗage. Ka ba ta hutawa da haske a wurinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Clive, wanda ya yi jinyarta bai taɓa gajiya a gabanta ba, da 'yan'uwanta, da matan East Molesey baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya sa mu ma mu cika da kyau.

Ke kuma Imogen, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya saka miki da alheri. Uwarki abu ɗaya ta nema a wurinki ba ta furta ba, kika kawo mata shi da ƙafarki tana da sauran numfashi. Ta tafi ba ta da sauran buri.